Taswirar yaƙoƙin Sarki Sulaimanu: a saya, amma da gyara

Taswirar bango ce ta leda, irin wadda ake buga allon talla da ita, ana samunta a shagunan littattafai na Birnin Kebbi. Tana nuna ƙasashen da Sulaimanu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ci tsakanin 1520 da 1566, wato zamanin Kanta a nan Kabi.

Shekarun daidai suke: Belgired 1521, tsibirin Rodos 1522, Bagadaza 1534. Wurin launi ne aka kwafsa. An shafa wa Masar da Sham ja ɗaya da sauran, alhali mahaifinsa Salim na Ɗaya ne ya ƙwace su daga Mamlukawa, masu mulkinsu a lokacin, Sham a 1516, Masar a 1517. Har Biyana, babban birnin Austiriya a yau, an cusa ciki, ga shi kuwa ƙawanya kawai ya yi mata a 1529, ruwan sama ya hana manyan bindigoginsa isowa, sanyi ya kore shi. Malam, ka zagaye wuraren nan da alƙalamin maka kafin yara su haddace kuskure.

Kada a ninke ta, tawadar na ɓarewa a kan layin, a naɗe. Kusurwoyinta ba zobe, ƙusa na yaga su, sai an liƙa salatif ninki biyu tukuna.