Hanyar daɓe ko dusar ƙanƙara mai zurfi: amsa ga ƙanenmu na Grenoble

Ƙanenmu da ya bar Damagaram zuwa karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa ya tambaya a zauren nan: abokansa na jan sa Chamrousse, wani dutse kusa da birnin, wasan siki (zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa) washegarin zubar dusar ƙanƙara, shin zamiya a hanyar da injin ya daddaɓe da shiga dusa mai zurfi abu ɗaya ne? Ƙanena, ba ɗaya ba ne, kuma ina roƙonka ka tsaya kan hanyar daɓe bana.

A hanyar daɓe ƙasa na da tauri. Nauyinka na kan ƙafar da ke waje da kwana, gefen sikin mai kaifi ya kama dusar, ka juya. An kuma raba hanyoyin da launi a Faransa: kore ta 'yan koyo, sai shuɗiya, ja, baƙa. Daga kore za ka faro.

Cikin dusa mai zurfi kuwa babu abin da kaifin zai kama. Ka matso da ƙafafunka kusa, ka raba musu nauyi kusan daidai, don in ka danne ɗaya sai ta nutse ta bar 'yar'uwarta a sama, ka kife. Wanda ya taɓa tuƙa babur cikin rairayin bayan gari ya san sirrin: ka rage gudu da yawa, tayar ta kafe. Tsoro kan sa ɗan koyo ya jingina baya, cinyoyi su ɗau zafi, sikin ya ƙi jin magana. Tsaya a tsakiya, kana ɗan lanƙwasa gwiwa kana miƙewa, kwana na bin kwana ba fizga. Don gudun nutsewa ne ma sikin wannan dusa ya fi faɗi, sau da yawa milimita 100 ko fiye a tsakiyarsa.

Mafi sharri ita ce jiƙaƙƙiyar dusa mai nauyi, wadda rana ta dama. Takan riƙe sikin gam alhali jiki na ci gaba da juyawa, nan gwiwa ke gurɗewa. In ka ji ƙafa ta yi nauyi da yamma, sauka ka huta.

Ladabin ma ya bambanta. A hanyar daɓe ana bin ƙa'idoji 10 na FIS, hukumar wasan siki ta duniya: wanda ke gabanka shi ke da hanya, kada ka tsaya a ƙuntataccen wuri ko bayan tudu inda ba a hango ka, ka dubi sama kafin ka tashi. Wajen hanya, ladabi batun rai ne. Ba a shiga mutum ɗaya. A gangare mai tsauri ɗaya ke sauka, sauran na kallonsa daga wuri mai aminci, kuma ba a ratsawa ta saman mutane, don kai ne za ka zafto musu dusar. Ana auna haɗarin zaftarewa daga 1 zuwa 5, kuma ko a mataki na 3 mutane na rasa rai. Wanda dusa ta binne, in an wuce minti 15 ba a tono shi ba, damar rayuwarsa na raguwa da sauri.

Saboda haka tambayi abokan naka: kowa na da na'urar DVA mai gano inda dusa ta binne mutum, shebur da sandar lalubo shi, kuma ya iya aiki da su? Sun karanta sanarwar haɗarin zaftarewa ta ranar daga Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa? In sun yi shiru, nemi malamin siki ka ɗauki darasi a hanyar kore, ka kuma ajiye lambar kiran gaggawa 112 a wayarka.