Had disk na shagon turi da kallo: ƙaramin na aljihu, babba mai adafta, ko SSD?

Wani ɗan uwa mai shagon turi a Talata Mafara ya kawo tambaya. Talabijin ɗinsa na kunne tun hantsi har bayan isha'i, fina-finan Hausa da na fassara na tafiya daga had disk, in mai son turi ya zo sai ya zare shi ya soka a laftof. Ƙanana biyu sun mutu masa cikin shekara guda, dukkansu da ƙarar ƙas-ƙas suka fara. Wanne zai saya yanzu?

Malam, fara cire batun gudu daga lissafinka. Fim na 1080p bai fi ya ci megabait ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa ba, had disk mai sanyin jiki kuwa yana ba da kusan 100. Kallon awa goma a rana giga 36 ne zuwa 72. Turin ne aiki: mutum ɗari, kowa giga biyu, ka kai 200 ke nan kafin magariba. Abin da ke kashe na'urar nan zafi ne, da ƙarancin wuta, da motsa ta tana juyawa.

Ƙaramin mai inci 2.5, irin su WD Elements da Seagate Expansion da Toshiba Canvio, duk wutarsa daga kebul ɗin USB take. Ramin USB 2.0 miliyamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, alhali motar da ke cikinsa tana neman kusan amfa ɗaya lokacin tashi. Ramukan talabijin da yawa ba sa kai wannan, sai ka ji yana yunƙuri yana kasawa, ƙas, ƙas. Ga shi a rufe cikin roba ba iska. Ga zarewa da sokawa sau ashirin a rana, har bakin ya saki. A yawancin ƙananan WD kuma bakin a manne yake da allon had disk ɗin kansa, in ya karye ba a canza masa gida kawai a ci gaba. Na ajiya ne da tafiya, ba na dako ba.

Akwai kuma batun SMR, wanda yawancin ƙananan nan suke da shi. Layukan bayanai a kan faifan an jera su ne kamar kwanon rufi, bakin wannan a kan wancan, don haka in za a sake rubuta ɗaya sai an taɓa maƙwabtansa. Wajen kallo ba za ka ji komai ba. Ranar da za ka zuba masa fina-finai masu dogon zango na giga 300 a zama ɗaya, musamman in ya kusa cika, gudun zai faɗo warwas. Wanda ba a jera masa haka ba shi ne CMR.

Babban mai inci 3.5 yana da nasa adaftan na bolt 12, ko kuma a ɗaura shi cikin kwamfutar tebur, wanda ya fi. Amma su ma aji-aji ne, kuma a nan mutane ke yin asara. Seagate BarraCuda da WD Blue an auna su ne a kan aikin tera 55 a shekara, kusan giga 150 a rana. Takardar BarraCuda ma awa 2,400 ta lissafa a shekara. Shagon da ke buɗe awa 12 kullum yana cin 4,380. Seagate IronWolf da WD Red Plus kuwa tera 180 ne a shekara, kusan giga 490 a rana, an yi su don su kwana su wuni a kunne, CMR ne, garantinsu shekara uku. A duba kalmar Plus ɗin da kyau: a 2020 aka gano wasu WD Red masu tera 2 zuwa 6 SMR ne, shi ya sa kamfanin ya raba sunayen. WD Purple da SkyHawk da za a miƙo maka a shagon masu kyamarar tsaro suna da juriya, za su yi in babu waɗancan, sai dai an saita su ne don naɗar hoto ba tsayawa, kai kuwa karantawa ka fi yi.

SSD, wato ma'ajiyar da ke riƙe bayanai irin yadda memori ke yi, ba shi da faifai mai juyawa ba shi da allurar da ke karanta shi. Faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa komai ba, karantawa ba ta cinye shi, wuta kaɗan yake sha, kuma in ana tura wa waya huɗu a lokaci guda ba ya numfarfashi, saɓanin had disk da allurarsa za ta yi ta safa da marwa. Matsalarsa kuɗi: tera ɗaya nasa ya ninka na had disk. In zai mutu kuma ba ya sallama. Sannan jabu sun cika kasuwa. Duk wanda aka rubuta wa tera 8 ko 16 a kuɗin cefane, memori ne aka ɓoye a gwangwani.

A ganinmu, ka haɗa biyu. IronWolf ko Red Plus mai tera 4 ya zauna cikin kwamfutar tebur a matsayin rumbu, kebul ɗin HDMI ya kai hoto talabijin, kada a sake ɗaga shi. SSD mai giga 500 ko tera ɗaya ya riƙe sababbin fitowa da ake yawan nema. In kuɗin na ɗaya ne kawai, babban za ka fara saya. Ƙarami kuwa ya zama na kwafi, a sabunta shi duk mako a mayar cikin durowa, domin tara fina-finan ya fi na'urar tsada.

Sai dai ko wanne ka saya, bazarar Zamfara ba ta san sunan kamfani ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a waje, balle cikin shagon kwano, iyakar yawancin had disk kuwa 60 ce. Sa fanka mai santimita 12 tana hura shi kai tsaye, ka yi ƙoƙarin kada ya wuce 45, lokacin hunturu kuma a busa ƙura duk wata. Ƙaramin UPS (akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke) mai 650VA ya isa ya riƙe kwamfuta kafin a tayar da janareta. Yi wa had disk ɗin fomatin da tsarin NTFS, ya fi jure ɗaukewar wuta. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4.

Ranar saye, tafi da laftof. Buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba awannin da ya yi a kunne, da layin 05 da C5 da C6, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan: sifili ake so a dukkansu, musamman in tokumbo ne. SSD kuwa a gwada shi da manhajar H2testw, ita ke tona girman ƙarya. In mai tera 4 ya nuna 3.63, ba cuta ba ce, lissafin Windows ne.