Furen da iskar teku ba ta kashewa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambayi abin da za ka dasa a gindin katangar nan da rana ke ƙona komai. Tun da na kama aiki a wurin rainon tsirrai a nan Pugliya, kudancin Italiya, ba abin da na fi ɗauka da saukewa kamar wata fulawa da ake kira oliyanda. Ganyenta dogo ne mai kauri, furenta fari ko ja ko ruwan hoda, daga Mayu har Satumba. A tsakiyar manyan tituna suke jera ta, inda ba mai ba ta ruwa. Na gan ta a bakin teku kusa da Bari, iska na watsa mata gishiri, ko a jikinta. Shekarar farko kawai take son ban ruwa, kafin saiwa ta kama ƙasa.

Furen ba baƙo ba ne a wajenmu, masu sayar da fulawa a bakin titi suna da shi cikin leda. Abin da ya burge ni a nan shi ne yadda ake sayarwa. Tukwanen da muke lodawa mota suna tafiya da wata 'yar takarda da suke kira fasfon tsiro: sunan tsiron, lambar mai rainonsa, da ƙasar da ya fito. Da farko na ɗauka ƙaƙale ne, sai da na ga gonakin zaitun a yankin Salento, can kudancin Pugliya, sun bushe ƙayau. Cutar Xylella ce, wadda aka gano a yankin a 2013, ta kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma oliyanda na cikin masu ɗaukarta. Shi ya sa ba zan aiko maka da reshe ba, ka yi haƙuri.

Ka nemi naka a can. Reshe kamar taƙi ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a tsoma cikin kwalbar ruwa, bayan 'yan makonni za ka ga fararen saiwoyi.

Amma don Allah ka riƙe wannan, domin a gida ba wanda ya taɓa gaya mini: guba ce tun daga saiwa har fure. Mu nan da safar hannu muke yi mata aski, kuma ba ma ƙona rassan, don hayaƙin ma illa ne. Kada ka dasa inda awaki ke kaiwa ko inda yara ke wasa. In bayan katangar ne ta waje, ka kewaye ta da waya.

A gaida mutanen gida.