FC ko eFootball: wanne ya dace da shagon wasa a Damagaram?

Ƙanena, ka ce kana shirin buɗe shagon PlayStation a Sabon Gari, kuma duk inda ka leƙa sai ka tarar ana zagin EA ana zagin Konami, har ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin wasannin ƙwallonsu, FC na kamfanin EA da eFootball na kamfanin Konami. Duka biyun sun cancanci zagin. Sai dai laifinsu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba kowanne ne zai taɓa aljihunka ba.

Laifin EA kwaɗayi ne. Tun 1993 suke fitar da wasan da muka sani da FIFA, har suka rabu da hukumar FIFA, wasan ya koma EA Sports FC a 2023. Suna ya canza, hali yana nan. Kowace shekara a fito da sabo a kan dalar Amurka 70, wajen jika arba'in ke nan na sefa, ka kunna ka ga riguna ne da sunayen 'yan wasa suka fi canzawa. A na'urar Switch ma ba su ɓoye ba: daga FIFA 20 zuwa FIFA 23 abu ɗaya suka yi ta sayarwa da sunan Legacy Edition. Amma inda aka fi kuka da su shi ne Ultimate Team, wanda ya fara tun FIFA 09. Ka zuba kuɗi ka sayi ƙunshin kati ba ka san wanda ke ciki ba, ko Mbappé ko wani mai tsaron baya da ba ka taɓa jin sunansa ba, sannan shekara na zagayowa duk abin da ka tara ya zama tarihi. Hukumomin Beljiyam sun kira irin wannan caca a 2018, dole EA ta daina sayar da makin sayen katin a can a farkon 2019. A Holan an ci su tara, babbar kotu ta soke a 2022. Ni dai ban ga da me ya bambanta da caca ba.

Akwai kuma zargin da kowane mai riƙe manet ya taɓa yi, wato wasan ne da kansa ke zaɓar wanda zai ci a minti na 90. An kai EA ƙara a Kalifoniya a kan haka a 2020, masu ƙarar suka janye a 2021 bayan kamfanin ya buɗe musu bayanansa. Wannan bai hana yaran fada rantsuwa cewa an yi musu maguɗi ba, kuma ba zai hana ba.

Konami kuwa ba kwaɗayi kaɗai ba, watsi ta yi da mutanenta. Wanda ya buga PES, tsohon wasan ƙwallon Konami, a kan PS2 ya san dalilin da ya sa aka riƙa yafe musu Man Red da Man Blue da North London a madadin Manchester United da Manchester City da Arsenal: sunayen na bogi ne, amma ƙwallon na gaske ne, fas yana da nauyi, ci yana da daɗi. Ko da gasar zakarun Turai ta bar hannunsu ta koma wajen EA a 2018, masoya ba su gudu ba. Sai ga 30 ga Satumban 2021, aka kashe sunan PES aka fito da eFootball 2022 kyauta. Fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya a duniya, kulob tara kacal za ka iya zaɓa ku buga da abokinka, wasan ya faɗa sahun mafi munin maki a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sun gyara da yawa daga baya, a faɗi gaskiya. Amma Master League, inda mutum ke ɗaukar ƙaramin kulob ya raine shi, aka cire aka bar mutane shekara da shekaru suna jira. Kuma kyautar nan irin ta ɗan koli ce: shiga ba ko dala, amma gwanayen 'yan wasa suna bayan sulallan da ake saya, da irin sa'ar da ake zagin EA a kanta.

To kai me ya shafe ka? Rabin kukan Turawa a kan wasa ta intanet ne. Masu zuwa shagonka mutum biyu ne a kan benci ɗaya, wannan ya ɗauki Real wancan ya ɗauki Barsa, a biya kuɗin maci a buga kafin kuran ya ɗauke. Ba ruwansu da Ultimate Team. A nan FC ya yi wa eFootball nisa, domin gasannin Ingila da Sifen da Jamus suna ciki da sunayensu na gaskiya, kuma ba ya jiran rezo. Shi eFootball an gina shi ne a kan intanet, ranar da rezo ya yi rauni ko forfe ya ƙare, abin da ya rage maka kaɗan ne. Inda ya yi fice shi ne salula. Yaran da ke buga shi a Birni da Garin Malam ba su yi kuskure ba. Gasarmu ta Nijar dai kada ka neme ta, babu Espoir ta Damagaram a ko ɗaya.

Da ni ne, in sa FC a na'ura ɗaya, kuma ba na bana ba, na bara da farashinsa ya faɗi ko wanda aka taɓa amfani da shi. A ɗaya na'urar, in PS4 ce, in nemi faifan PES 2021, in sa a ɗora mini fayil ɗin da ke gyara riguna da sunaye ta USB. Manya da suka taso da PES za su zauna a nan, yara su yi layi a can. Kuɗin da ka rage ka sayi manet na ajiya da batirin sola, domin manet ne ke fara mutuwa.