Saitin tankin kifin ado mai lita 54: ya isa ga mai farawa?

Wanda zai fara kiwon kifin ado na ruwan ɗumi yakan kai hannu ne ga ƙaramin tanki mai lita 15 ko 20, yana ganin abin da bai da girma ba zai ba da wahala ba. A wannan harka lissafin a juye yake. Shi ya sa muka ɗauki saitin da kamfanoni irin su Tetra da Aquael ke sayarwa domin masu farawa, wato tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, mu duba abin da yake iyawa da inda ya gaza.

A kwali an rubuta lita 54, kuma haka awon ya nuna. Sai dai ruwan da zai shiga bai kai haka ba. Idan aka shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 4, ta cinye wajen lita 7, nauyinta kuma ya kai kilo 10. A cire gurbin duwatsu da filta (na'urar tace ruwa) da ɗan sararin da ake bari a sama, abin da ya rage bai wuce lita 45 ba. Da wannan adadin ake lissafin magani da yawan kifi.

Dalilin da ya sa lita 45 ta fi lita 15 sauƙin riƙewa yana cikin ƙazantar kifin ne. Kifi na fitar da ammoniya ta gaɓoɓinsa na numfashi da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama. Ammoniya guba ce. Wasu bakteriya da ke zaune a cikin soson filta su ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wadda kifi ke iya jurewa har a canza ruwa. To, idan hannu ya zarce wajen zuba abinci, ko kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba a gani ba, gubar da za ta taru a lita 15 ta ninka ta lita 45 sau uku a kowace lita. A babban tankin mai shi na da kwana ɗaya ko biyu ya farga. A ƙaramin, sau da yawa sai dai ya wayi gari ya tarar da kifaye a saman ruwa suna haki. Zafi ma haka: ruwa kaɗan yana saurin ɗumama da rana ya huce da dare, alhali waɗannan kifaye suna son ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26.

Siffar tankin na daga cikin abin da muka fi yabawa. Iskar shaƙa ta saman ruwa take shiga, kuma saman wannan tanki ya kai murabba'in santimita 1,800. Tanki mai siffar kwali, 30 ta kowane ɓangare, 900 kawai yake da shi. Dogaye masu tsayi kamar gwangwani suna da kyan gani a falo, amma kifi a kwance yake iyo, ba hawa da sauka ba. Idan yawan litar iri ɗaya ne, a zaɓi wanda ya fi tsawo a kwance.

Kayan da ke zuwa da saitin kuwa, kadaran-kadahan ne. Hita mai wat 50 ta dace, domin ƙa'idar ita ce wajen wat ɗaya ga kowace lita. Wasu an kulle su a zafi ɗaya, ba a iya murɗawa, wanda hakan cikas ne ranar da ake son ɗaga zafi don maganin cutar fararen ɗigo. A haɗa da ma'aunin zafi daban, kada a dogara da hitar. Filtar ya kamata ta juya ruwan tankin sau huɗu zuwa biyar a awa, wato lita 180 zuwa 225, kuma galibinsu suna kaiwa. Matsalarta ita ce ƙaramin ciki, da kuma audugar da ake cewa a jefar a sa sabuwa duk wata. Wanda ya jefar da ita gaba ɗaya ya jefar da bakteriyar da ke tsare masa kifi. Gara a cusa soso mai manyan ƙofofi, a riƙa matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, ba a bakin famfo ba, saboda sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe bakteriyar. Fitilar ta isa ga tsirrai marasa son haske sosai irin su anubiyas, iyakarta ke nan. Awa 6 zuwa 8 a rana ya wadatar, fiye da haka gansakuka ce za ta rufe gilashin.

Nauyi abu ne da ake mantawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken tankin ya doshi kilo 65 zuwa 70. Yana buƙatar teburi mai ƙarfi wanda samansa ya daidaita, kuma duk gindin tankin ya zauna a kai. Idan kusurwa ɗaya ta rataya, matsin yana taruwa a mahaɗar gilashi, wata rana ta fara yoyo.

Me zai ɗauka? Garken ƙananan kifayen niyon tetira 8 zuwa 10, ko gofi maza shida, tare da garken ƙananan koridoras shida a ƙasa. Su tetira da koridoras ba sa natsuwa idan ba su kai shida ba, wannan kaɗai ya fitar da tankin lita 20 daga lissafi, in ban da mai son ajiye namijin beta guda ɗaya. Kada kuma a ruɗu da ƙanƙantar kifi a lokacin saye. Kifin fileko na gama-gari yana wuce santimita 30, oska ma haka, kifin anjel kuma yana buƙatar ruwa mai zurfi saboda tsayin fikafikansa. Zancen cewa kifi yana girma daidai da tankinsa ba gaskiya ba ne, tsumburewa yake yi.

Kafin kifi ya shiga, a kunna filta mako huɗu zuwa shida ana ɗiga ammoniya ko ɗan abinci, sai gwaji ya nuna ammoniya da naitirait sun koma sifili. Daga nan a zuba kifin kashi-kashi, mako biyu tsakani, ana canza lita 12 zuwa 15 duk mako da ruwan da aka cire wa kulorin.

Hukuncinmu: wannan ne mafi ƙanƙantar tankin da za mu ba mai farawa shawara ya saya, da sharaɗin ya gyara cikin filtar. Wanda ke da wuri da teburin da zai ɗauki kilo 140, ya tsallaka zuwa mai santimita 80, wanda ke cin lita 112. Aikin mako bai fi bokiti ɗaya ko biyu ƙari ba, kuma zai iya haɗa garke biyu da kifin gurami ɗaya a ciki.