Gonar gidan Van Cortlandt da takardun da ba su ɓata ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayoyinku ba sa wuce kuɗin haya, sanyi da farashin cefane. Haya dai tana nan tana shan guminmu, tattasan nan kuma ja ne kawai, ba ƙamshi. Amma yau wata magana ce ta tsaya mini a rai.

A arewacin Bronx, wani yanki na birnin New York, inda jirgin ƙasa mai lamba 1 yake ƙarewa a titi na 242, akwai wani makeken fili, Van Cortlandt Park, eka 1,146. Ranar Lahadi yaranmu 'yan Afirka suna buga ƙwallo a can, 'yan Karibiyan suna kurket. A gefe akwai wani gidan dutse, shi ne gini mafi tsufa a duk Bronx. Nan na shiga, wata dattijuwa mai kula da baƙi ta zagaya da ni ɗaki ɗaki, ba ta yi mini kallon baƙo ba, ba ta kuma miƙo hannu a sa mata na goro ba.

A filin nan gonar gidan Van Cortlandt take a da. Kakansu Oloff ya sauka a 1638 yana sojan kamfanin mutanen Holan, lokacin ana kiran garin New Amsterdam. Ya bar soja ya kama fatauci da dafa giya, ya kuɗance. Ɗansa Stephanus ya zama magajin garin New York a 1677, shi ne na farko haifaffen garin da ya hau kujerar, kuma a 1697 Sarkin Ingila ya ba shi takardar mallakar eka 86,000 a bakin kogin Hudson. Ƙanensa Jacobus, wanda shi ma ya yi magajin gari sau biyu, ya yi aure a gidan Philipse, wani gidan masu ƙasa, ya sayi filin nan na Bronx, ya datse rafin Tibbetts don ruwa ya riƙa juya masa dutsen niƙan alkama. Ɗansa Frederick ya fara ginin gidan a 1748, ya rasu a 1749 bai ga ƙarshensa ba.

George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya sauka a gidan lokacin yaƙin neman 'yancin ƙasar, kuma shi baƙi suka fi tambaya. Ni labarin Augustus Van Cortlandt ne ya kama ni. Shi ne magatakardan birnin New York. A 1776, da sojojin Ingila suka doso garin, ya kwashi kundayen birni ya ɓoye su a ɗakin kabarin iyayensa, a kan wani tudu cikin gonar. Mutum yana tsakiyar yaƙi, amma hankalinsa yana kan takardun jama'a, na filaye da na shari'a, kada su salwanta.

Wallahi sai da na tuna gonar mahaifinmu. An je wani ofishi neman fayil ɗinta, yau a ce mai makulli ya tafi sallah, gobe a ce ɗaki ya yi yoyo, daga ƙarshe aka ce babu shi kwata-kwata. 'Yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa saboda iyakar da kowa yake nunawa da baki. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ku leƙa kotu ku ga shari'un gado. Mu da muke da malamai masu rubutu tun kafin a aza tubalin New York, yaya aka yi takardar gona ta gagare mu adanawa?

Kada ku ɗauka mutanen kirki na je na gano. Ƙasar ta 'yan asalin wurin ce, mutanen Lenape, kafin Turawa su zo. Gidan kuwa da gonar da wurin niƙan, gumin bayi 'yan Afirka ne. Dattijuwar ba ta ɓoye wannan ba, ta faɗe shi tsaf. Wasiyyar Frederick ta ambaci bayinsa da suna cikin dukiyar da za a gada, har da Piero mai niƙa da matarsa Hester. Takardar da ta ƙidaya su tamkar kaya, ita ce ta hana sunansu ɓacewa. Ba a kawo ƙarshen bauta a jihar New York ba sai 1827, kuma sai a 2021 aka keɓe maƙabartar bayin a hukumance, aka sa wa tafkin niƙan sunan Hester da Piero. Sun makara ƙwarai. Na tsaya bakin tafkin zuciyata ta yi nauyi, don ba wanda ya san daga wane gari aka kamo iyayensu.

Mu ma fa muna da gandu da rinji a tarihinmu, irin na Fanisau a ƙasar Kano. Wa ya taɓa kai ɗalibai can ya ce ga waɗanda suka yi noman, ga sunayensu? Maganar ma ba ma son a tayar.

Sai kuma filin kansa. Birnin New York ya karɓe shi a 1888, aka buɗe gidan ga jama'a a 1897, har yau ba wanda ya yanka shi fulotai, a garin da ɗaki ɗaya yake tsadar rai. Ni kuwa zuwana gida na ƙarshe na ga ganuwa ta zaizaye, an cike kududdufai, filin da muka yi ƙwallo muna yara ya koma shaguna, har gefen maƙabarta ba a bari ba. Ina kewar gida ƙwarai, ina kewar zaman ƙofar gida bayan magariba da shayi da hira, abin da ba a samu a nan ko da kuɗi. Shi ya sa abin yake ci mini rai.

Ƙannena, don Allah kafin damina ku ɗauki Kawu ku je gona. Ya nuna muku iyaka daga tsamiya zuwa bakin rafi, ku ɗauka a waya, mai unguwa da maƙwabta su sa hannu a rubuce, a yi kwafi uku a raba gida-gida. Kuɗin mota da na awon fili ni zan turo.