Sharhi: GeoGebra da lissafin rarrabawar Normal, inda take taimako da inda take sakin ɗalibi

Duk wanda ya koyar da ƙididdiga a matakin farko ya san inda ɗalibai ke tuntuɓe: sai su haddace yadda ake duba teburin z, wato teburin yiwuwa na rarrabawar Normal, amma ba su san me lambar da suka ciro take nufi ba. A kan wannan matsala na auna sashen lissafin yiwuwa na manhajar GeoGebra, wanda suka sa wa suna Probability Calculator. Markus Hohenwarter ne ya faro GeoGebra a 2001 a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Ɗalibi da malami ba sa biyan ko kobo, kuma idan aka sauke GeoGebra Classic a kwamfuta tana aiki ba tare da data ba.

Da ka buɗe sashen, za ka tarar da lanƙwasar Normal mai siffar ƙararrawa, matsakaicinta μ yana 0, ma'aunin warwatsuwarta σ yana 1. Daga ƙasa akwai gurabe biyu na μ da σ, da maɓallan zaɓar yankin da kake so: hagu, dama, ko tsakanin lambobi biyu. Yankin da ka zaɓa sai ya yi launi, amsar ta fito a gefe. Sa -1 da 1, ka ga 0.6827. Sa -2 da 2, ka ga 0.9545. Sa -3 da 3, ka ga 0.9973. Dokar nan ta 68, 95 da 99.7 da ake ta haddacewa ke nan a gaban ido, har ɗalibi ya gane da kansa cewa 95 cif tana faɗowa ne a 1.96, ba a 2 ba.

Babban alherin manhajar shi ne launin nan. Yiwuwa fili ce a ƙarƙashin lanƙwasa, ba tsayin lanƙwasar ba, kuma filin gaba ɗaya 1 ne. Ana faɗin haka a allo sau goma bai shiga ba, amma idan ɗalibi ya ja ɗan alwatikan da ke kan layin ƙasa da hannunsa, yana ganin launi na faɗaɗa lamba na hawa, magana ta zauna. Sa lamba guda a gurabe biyun, kamar 1 da 1, amsa ta zama 0, domin layi ba shi da faɗi. Daga nan babu sauran gardamar ko "ƙasa da 50" da "50 ko ƙasa da haka" sun bambanta a wannan rarrabawa. Ba su bambanta ba.

Ga misali na aiki. A ce injin cika buhun shinkafa yana zuba matsakaicin kilo 50.2, σ kuma 0.4. Buhu nawa ne ba za su kai kilo 50 ba? Rubuta 50.2 da 0.4, zaɓi yankin hagu, sa 50. Amsa 0.3085, wato kusan buhu 31 cikin 100. Da hannu, z zai zama 50 a debe 50.2 a raba da 0.4, wato -0.5, tebur kuma ya ba da wannan amsar. Abin da ya fi burge ni shi ne komawa baya: ka bar gurbin lamba, ka rubuta yiwuwar a gurbin amsa, manhajar ta nemo maka iyakar. Idan makin jarrabawa yana da matsakaici 60 da σ 10, ana neman makin da ya ware kashi 10 na sama, zaɓi yankin dama ka rubuta 0.1, ta ba ka 72.8 da ɗan ɗori. A tebur sai ka yi ta laluben 0.9 a cikin jikin lambobi, ka ƙare da ƙiyasi.

Sai kuma binomiyal, rarrabawar da ke ƙirga yawan nasara a gwaje-gwajen da ake maimaitawa. Zaɓe ta, sa n (yawan gwaji) 20 da p (yiwuwar nasara a kowane gwaji) 0.5, sannan ka danna maɓallin da ke ɗora lanƙwasar Normal a kan sandunan. Yiwuwar samun 12 ko ƙasa da haka 0.8684 ce. Idan ka kwatanta da Normal mai μ 10 da σ 2.236 ka tsaya a 12, za ka samu 0.8145. Ka tsaya a 12.5, sai 0.8682. Hoton ya nuna dalili ƙarara: sandar 12 ta faro daga 11.5 ta ƙare a 12.5, wanda ya tsaya a 12 ya yar da rabinta. Ta wannan hanyar ma Abraham de Moivre ya fara cin karo da lanƙwasar a 1733.

To, ga inda ba ta gamsar da ni ba. Idan ka canza σ, manhajar tana gyara ma'aunin hoton da kanta domin lanƙwasar ta cika allo. Sakamakon haka σ 1 da σ 20 suna fitowa da kamanni ɗaya, lambobin ƙasa ne kawai suka sauya. Ɗalibi ba ya ganin cewa babbar σ na baje lanƙwasa, ƙarama na tsuke ta ta yi tsini. Wannan gibi ne babba a darasin farko. Maganinsa shi ne a koma allon zane, a ƙirƙiri majanyi (slider, abin da ake ja a sauya lamba) biyu, m a madadin μ da s a madadin σ, a rubuta Normal(m, s, x, false), a bar ma'auni a tsaye. Sauke s zuwa 0.2, ƙololuwar ta kusa taɓa 2. Nan ne ɗalibi zai yarda cewa tsayi ba yiwuwa ba ne, tunda yiwuwa ba ta wuce 1.

Na biyu, duk lambar da ka ba ta karɓa take yi. Littattafai da yawa suna rubuta N(μ, σ²), wato lamba ta biyu σ ce sau kanta, gurbin manhajar kuwa σ zalla yake so. A misalin shinkafa, wanda ya sa 0.16 maimakon 0.4 zai samu 0.1056 maimakon 0.3085, babu wani gargaɗi. Haka nan ba ta tambayar ko bayananka sun dace da Normal tun farko. Kuɗin shigar magidanta, alal misali, yana da doguwar jela ta dama saboda tsirarun masu hali. Ka ɗora masa Normal, za ta ba ka amsa mai lambobi huɗu tsaf, kuma ba daidai ba. Zana histogiram, wato hoton sanduna na bayananka, tukuna.

A ƙaramar waya gurabe suna matsewa, jan alwatikan da yatsa kuma ba ya tsayawa daidai, gara a rubuta lambar. Kuma ba kowace jarrabawa ake barin shiga da ita ba, don haka ɗalibi ya fara fitar da z da biro, ya duba tebur, sannan ya zo nan ya gwada amsarsa. Malami kuwa ya fara da allon zane da majanyi, kafin ya buɗe wa aji sashen lissafin.